Ba Ta Gudu Ba

"Kashe min wannan shirmen, Amatullah!"

Tsintsiyar da ke hannunta ta tsaya cak. Wayarta na kan murfin randa, mawaƙin yana ta rantse-rantse da siririyar murya, wai ko ciwo ya kwantar da masoyiyarsa, ko duniya ta juya mata baya, shi yana nan tare da ita.

"Yaya, ai a hankali na kunna..."

"Na ce ki kashe! Mutum ko karyawa bai yi ba sai an cika masa kunne da ƙarya?"

Inna na zaune gaban tanda tana juya masa. Ta ɗago ta dubi ɗan nata, wanda ba ta taɓa kiran sunansa ba don sunan mahaifinta gare shi.

"Haba Babana, yarinya amarya ce, bar ta ta ji abinta."

Abdulbaqi ya zari makullin kekensa daga jikin ƙusa ya fita yana jan ƙafar hagu.

Wannan ƙafa ita ce mafarin komai. Shekara shida ke nan wata mota ta kaɗe shi da mashin a hanyar Dass, ƙafar ta karye wuri biyu. Lokacin yana koyarwa a wata makaranta, yana kuma da Yasmin, wadda suka shekara huɗu suna soyayya. Kullum safiya sai ta turo masa waƙa, ta rubuta a ƙasa: "Da bakina yake magana, masoyina."

Watan farko na jinya kullum tana zuwa da kwanon farfesu. Wata na biyu ta koma zuwa ranar Juma'a. Wata na huɗu wayarta ta daina shiga. Ranar da mai ɗori ya ce ya gwada takawa, ranar wani abokinsa ya nuna masa katin ɗaurin aurenta a waya.

Aikin makarantar ya tafi. Ya tashi da ɗingishi, ya kama tuƙin keke napep tsakanin Wunti da Yelwa. Abin da ya fara yi wa keken shi ne ya cire sifikar da ke bayan kujera ya jefa a kwata.

Idan rana ta take, fasinja suka yi wuya, ƙarƙashin wata darbejiya a tashar Yelwa yake zama da abokansa biyu. Sabitu, wanda matarsa ta tafi ganin gida shekara uku ke nan ba ta dawo ba, da Hammawa, wanda ya haura arba'in bai taɓa aure ba. Can tsallaken titi akwai shagon masu tura waƙoƙi a waya, sifikarsu ba ta hutawa.

"Ji wannan kuma," in ji Sabitu, "wai ko a bukka za ta zauna da shi. Wace bukkar? A kawo min ita in gani!"

Hammawa ya yi dariya har da buga cinya. "Ni ai tun ina saurayi nake jiran wadda suke faɗa. Ina jin motarta ce ta lalace a hanya."

"Ku kuna dariya," Abdulbaqi ya ce, "ni wallahi zuciyata tafasa take yi. Su shiga ɗaki mai sanyi su shirya ƙarya, mu kuma mu haddace. Ranar da ka kwanta ciwo sannan za ka san ba wadda ke tsayawa. Ko ɗaya!"

'Yan makaranta biyu, saurayi da budurwa, suka wuce suna raba abin jin sauti ɗaya, kowa da ɓari a kunne. Su uku suka bi su da kallo har suka sha kwana.

Amatullah kuwa an riga an yi mata baiko da Hafizu, wani tela mai shago a Ƙofar Dumi, an sa rana bayan babbar Sallah. Yaro ne mai sanyin hali, idan ya zo zance sai ya durƙusa har ƙasa ya gaida Abdulbaqi. Tun rasuwar mahaifinsu Abdulbaqi ne ke riƙe da gidan, ko baffansu da ke Toro ba ya yanke magana sai ya ji ta bakinsa. Bai hana auren ba. Amma duk lokacin da ya ji ƙanwar tasa a waya tana cewa "To, hasken idona, sai ka zo," sai ya ji abinci ya fita ransa.

Saura wata ɗaya biki ƙafafun Hafizu suka fara kumbura. Aka ce zaman keken ɗinki ne. Sai fuska ta bi. Da aka kai shi asibiti likita ya ce ƙodojinsa biyu sun gaza, sai dai a riƙa yi masa wankin ƙoda sau biyu a sati.

Aka ɗage biki.

Ranar da labarin ya zo, Amatullah ta yi kuka har muryarta ta dishe. Washegari ta tashi ta dafa fate ba gishiri, ta sa hijabinta ta nufi asibiti. Haka ta yi jibi. Haka ta yi gata.

Abdulbaqi ya zuba ido. A ransa ya ce, za ki yi ki gama. Watan farko ne, kowa ma yana iyawa.

Wata na biyu ya shiga, tana zuwa kullum. Aka sallami Hafizu ya koma gida wajen yayarsa Zubaida, wadda ita ta raine shi. Amatullah ta koma bin sa can, ta zauna a tsakar gida tare da Zubaida tana yi masa hira ta bakin ƙofa. Ranar wankin ƙoda ita ke riƙe jakar magunguna.

Wata na huɗu ya zo ya wuce. Ta rame, ta yi duhu, amma ko sau ɗaya ba ta fasa ba.

Wata rana Abdulbaqi ya kai ta a keke. Yana jiran ta sauke kwanuka sai ya hango Hafizu zaune a kan tabarma a zaure, ya zama kamar ba shi ba, leɓɓansa sun bushe.

"Amatu na, yau ma kin zo? Ba ki gajiya?"

"In gaji da wa? Sha wannan tukuna, sannan ka yi min surutu."

Hafizu ya yi murmushi. Wannan murmushin ne ya bi Abdulbaqi har Wunti, ya bi shi har gida. Mutum yana bakin mutuwa, amma fuskarsa ta fi tasa haske! Ya ce wa kansa tausayin ƙanwarsa ne ke damunsa. Haka ya yi ta faɗa wa kansa.

Da damina ta kankama, wata Asabar da hantsi, Amatullah ta same shi yana wanke keke a ƙofar gida. Ta daɗe tana murza gefen hijabinta.

"Yaya, ina da magana."

"Ina ji."

"So nake ka yi wa Baffa magana... a ɗaura auren nan haka. Ba sai an yi biki ba. Anti Zubaida ita kaɗai ce, ga 'ya'yanta, ga mijinta. Ni kuma ba halin in shiga ɗakinsa in ɗaga shi, ba muharramina ba ne. In an ɗaura sai in kula da shi yadda ya kamata."

Ya ajiye tsumman a hankali.

"Kin haukace?"

"Yaya..."

"Shekararki ashirin da ɗaya! Ki auri mutumin da likita ma bai san ko zai kai baɗi ba? Ki shiga takaba kafin ki san daɗin aure?"

"Rai a hannun Allah yake. Ko kwana ɗaya ne na yarda."

"Ji ta! Ji ta don Allah! Waƙoƙin nan ne suka cinye miki ƙwaƙwalwa. Kina zaton akwai mai kiɗa a bayanki? Rayuwa ce wannan, Amatullah!"

"Ni ba a waƙa na koya ba," ta ce, hawaye na zuba. "Alkawari na yi masa, kuma ina sonsa. Don ya kwanta sai in gudu? Da ni ce na kwanta fa?"

"Da tuni ya auri wata!"

Inna ta leƙo daga zaure, hannunta duk ƙullu. "Ku shigo ciki, kuna tara mana jama'a." Da suka shiga ta rasa bayan wanda za ta bi. Ta ce a ƙara haƙuri, a yi istihara, a ga abin da Allah zai yi.

A tasha Abdulbaqi ya kwashe labarin ya faɗa wa abokansa.

Sabitu ya taɓe baki. "Zafin farko ne. Ka bar ta ta shiga, wata uku za ta dawo da kayanta. Gara ka raba su tun yanzu, shi ma ka rage masa wahala."

Hammawa ya daɗe yana zane ƙasa da tsinke. "Ni dai da zan sami wadda za ta yi min rabin haka," ya ce a hankali, "ko mutuwar ce in mutu."

Ba wanda ya yi dariya.

Ranar Talata da la'asar, lokacin da ya san Amatullah tana Islamiyya, Abdulbaqi ya juya kekensa ya shiga lungunan Ƙofar Dumi. Zubaida ta yi masa iso, ta koma madafa, amma ƙofar ɗakin a buɗe take.

Hafizu ya yi yunƙurin tashi zaune. "Yaya, kai ne da kanka?"

"Kwanta abinka. Ya jikin?"

"Da sauƙi, alhamdu lillahi."

Abdulbaqi ya zauna bakin katifa. Ya zo ne da niyyar ya roƙe shi ya haƙura, ya yi masa bayanin shekarun yarinya da halin da gida ke ciki. Amma da ya ga carbin Amatullah a kan matashin kai, ya ga kwanonta a gefe, sai wata magana dabam ta fito daga bakinsa.

"Hafizu, ita ta turo ni."

Idon Hafizu ya tsaya a kansa.

"Ta gaji. Kunya ce ta hana ta faɗa maka. Kullum in ta dawo sai ta shiga ɗaki ta yi ta kuka, tana cewa ta rasa yadda za ta zame. Tausayi ne kawai ke kawo ta, da gudun abin da mutane za su ce. In kana sonta da gaske, ka sawwaƙe mata da kanka."

Ruwa ya fara yayyafi a kan kwanon rufi.

"Ita... ita ta ce haka?"

"Zan yi maka ƙarya ne? Ni na kwanta ciwo, na san yadda abin yake. Ba wadda ke tsayawa, ƙanena. Ba laifinta ba ne, haka suke."

Hafizu ya juya fuskarsa bango. Kafaɗarsa ce kawai ke motsi.

"Ta yi ƙoƙari," ya ce da ƙyar. "Wallahi ta yi ƙoƙari. Ka ce mata na gode."

Kafin magariba saƙo ya shigo wayar Amatullah: "Na janye maganar aurenmu. Kada ki sake zuwa. Allah Ya haɗa ki da mai lafiya." Ta kira, ya rufe layinta. Washegari ta tafi da kwanonta, Zubaida ta tare ta a zaure, fuska a murtuke.

"Ya ce kada a bar ki ki shiga."

"Anti, me na yi? Don girman Allah me na yi masa?"

"Ke kika fi kowa sani. Koma gida, ba sai kin ƙara wahalar da kanki ba."

Sau biyar tana komawa, sau biyar ana mayar da ita. A na ƙarshe ta zauna a dakalin ƙofar gidan cikin ruwan sama har sai da Inna ta zo ta janye ta.

Abdulbaqi yana ganin duk wannan. Sau da yawa ya tsaya bakin ƙofar ɗakinta, yana jin shesshekarta, maganar ta zo masa har maƙogwaro. Sai ya ce bari ta huce tukuna. Gobe. Jibi.

Kwana ashirin da uku bayan zuwansa, ranar wata Alhamis da safe, Hafizu ya rasu. Da azahar aka kai shi. Abdulbaqi ya bi sallar gawa a sahun baya, amma bai iya bin su maƙabarta ba.

Bayan sadakar uku Zubaida ta yi sallama gidansu. Inna ta shimfiɗa mata tabarma. Amatullah ta fito tana dafa bango, Abdulbaqi kuma yana tsaye gindin randa, ya dawo cin abincin rana.

"Saƙo na kawo, don wasiyya ce," in ji Zubaida, ba ta ko kalli yarinyar ba. "Ya ce in faɗa miki ya yafe miki duniya da lahira. Ya ce kada ki sa wa ranki damuwa don kin gaji, ko wace ce za ta gaji."

Amatullah ta ɗago.

"Na gaji?"

"Haka ya ce."

"Ni? Ni na gaji? Wa ya ce na gaji? Anti, ni da nake roƙo a ɗaura mana aure in zo in yi jinyarsa!"

Zubaida ta juya a hankali ta dubi Abdulbaqi.

"Ba kai ka zo ka ce ita ta turo ka ba? Ina madafa, da kunnena na ji!"

Moɗar da ke hannunsa ta faɗi.

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!" Inna ta dafe ƙirji. "Babana... da gaske ne?"

Ya ce, "Don ita na yi. Yarinya ce, ba ta san..."

"Ƙarya ne!" Amatullah ta yi ƙara, abin da ba ta taɓa yi masa ba tun da aka haife ta. "Ba don ni ka yi ba! Dube ni, Yaya. Dube ni ka ce don ni ka yi!"

Ya kasa. Ya sulale ya zauna a ƙasa.

"Ni ba wanda ya tsaya min," ya ce. "Wata bakwai ina kwance ina kallon ƙofa. Kullum ina cewa haka mata suke, duk ƙarya ce ake rerawa, sai in sami sauƙi. Sai ga ki... kullum kina tafiya, kullum! In akwai masu tsayawa, to ni me ya sa ba a tsaya min ba? Me na rasa?"

Inna ta miƙe.

"Ba wanda ya tsaya maka? Wata bakwai ɗin nan wa ke kwashe maka fo? Wa ya bar makaranta zango guda yana yi maka fifita, yana ba ka abinci a baki? Wannan yarinyar ce, tana 'yar shekara sha biyar! Idonka na kan ƙofa kana jiran wadda ta tafi, ba ka taɓa ganin wadda ke zaune a gefenka ba!"

Zubaida ta rufe fuska da mayafi tana kuka. "Har ranar ƙarshe in ya ji sallama sai ya ɗaga kai. Ni kuma ina korar ta... Allah Ka yafe mini, ni ina korar ta!"

Amatullah ta daina kuka. Ta matso ta tsuguna gaban yayanta, ta yi magana da wata irin murya a kwance, wadda ta fi ihun ciwo.

"Ke nan ya mutu yana zaton na gudu."

Ya sunkuyar da kai.

"Amsa min."

"E."

"To tashi ka je ka faɗa masa. Ni mace ce, ba a zuwa da mu. Kai ka kai ƙaryar, kai za ka kai gaskiyar. Kada ka sake yi min magana sai ka je."

Ya tashi ya fita, ko takalmi bai sa daidai ba.

An kwana biyu ana ruwa, maƙabartar duk ta yi laka. Ya sami tsohon da ke gadin wurin yana gyara wani kabari da ya rufta, ya tambaye shi inda aka sa wani saurayi tela ranar Alhamis.

Tsohon ya dogara da shebur ya yi tunani. "Ranar Alhamis mutum biyar muka rufe, ɗana. Ga su can a jere, bakin katanga. Amma wanne ne nasa, wallahi ba zan ce ba. Ba ka zo jana'izar ba ne?"

Abdulbaqi ya ja ƙafarsa cikin laka har ya isa. Tudu biyar na jar ƙasa, ruwa ya daidaita su, ba suna, ba alama. Ya dubi na farko, ya dubi na ƙarshe. Ya yi sallama.

Sai ya durƙusa a gaban na farko.

"Hafizu, ni ne. Ƙarya na yi maka. Ba ta gudu ba."

Ya rarrafa zuwa na biyu, gwiwoyinsa na nutsewa.

"Hafizu... ba ta gudu ba. Sau biyar ta zo."

Tsohon ya tsaya daga nesa yana kallonsa, yana bin kaburburan ɗaya bayan ɗaya yana maimaitawa, har ya kai na biyar, ya kifa goshinsa a ƙasa yana kuka kamar ƙaramin yaro. Babu wanda ya amsa masa.